Ƙofa Ɗaya, Suna Biyu: Bin Sawun "Th" Daga Sabon Gari Zuwa Samaru

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga kasuwar Sabon Gari zuwa Samaru ya san hanyar kamar yunwar cikinsa: Kwangila, Hanwa, Palladan, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, sannan a fara hango katangar Jami'ar Ahmadu Bello. A nan ne yaron mota zai leƙo da kansa ciki ya ce, "Akwai Nos Get?" Sai ka ji wata ɗaliba daga kujerar baya, haifaffiyar Sabon Gari wadda iyayenta suka zo daga kudu amma Hausa ta zauna daram a bakinta, ta amsa, "Kwandasta, Not Get zan sauka." Shi kuma ya buga jikin mota ya ce wa direba, "Oga, a sauke Anti a Nos Get." Babu wanda ya gyara wa wani. Ƙofar ɗaya ce, sunanta a rubuce ɗaya ne, North Gate. Amma harufa biyun da suka rufe kalmar farko sun fito "s" a bakin yaron mota, sun fito "t" a bakin ɗalibar.

In ka bi abin, sai ka tarar ba a ƙofar jami'a ya tsaya ba. Dattijon malamin makaranta Bazazzagi zai yi maka godiya da "sank yu", mai shagon kayan gyaran mota a Sabon Gari ya ce "tank yu". Wannan ya ce "zis", "zat", "maza" da "faza", wancan ya ce "dis", "dat", "moda" da "fada". Talatin a bakin wannan "sati" ce, a bakin wancan "tati". Yawanci abin ba ya wuce raha, kowa na kwaikwayon ɗan'uwansa yana dariya, laifi kuwa tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma wani lokaci yakan jawo asara. Ranar Alhamis, wato Thursday, in ta fito "Tosde" takan yi kama da Tuesday a kunnen da bai saba ba, in kuma ta fito "Sazde" sai ta doshi Saturday. A ɗakin lacca mai ɗaruruwan ɗalibai, inda wakilin aji ke sanar da ranar gwaji da fatar baki, wannan ya isa ya sa wani ya zo ranar da ba ita ba. A takardar jarrabawa ma sawun yakan fito: mai "t" ya rubuta taught inda ake son thought, mai "s" ya rubuta sink inda ake son think.

Masana sun daɗe da lura da wannan rabuwa. Farfesa Munzali Jibril, a binciken digirinsa na uku da ya kammala a Jami'ar Lancaster a 1982, ya sa ta cikin manyan alamomin da ke bambanta Turancin Hausawa da na mutanen kudu. Tambayar da ta rage ita ce dalili. Bahaushe yana da "t", yana da "d". Me ya hana shi ɗaukar su kamar maƙwabcinsa, ya tsallake ya ɗauko "s" da "z"? Ruwa ba ya tsami banza.

Sautin da ya gagari duniya

Kafin a nemi mai laifi, sai a san abin da ya ɓace. Harufan "th" sauti biyu suke ɗauke da su: na think, wanda iska ce zalla, da na this, wanda maƙogwaro ke kaɗawa. Dukansu ana yin su ne da kan harshe a jikin haƙoran gaba, iska na zirarewa ba tare da an datse ta ba. A tsohon Turanci har harufa na musamman ake rubuta su da su, þ da ð, waɗanda mutanen Aisland ke amfani da su har yau.

Sauti ne da ba kasafai ake samunsa ba. Harsunan duniya da ke da shi ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma 'ya'yan Turawa kansu yana cikin sautukan ƙarshe da bakinsu ke kamawa. Ko a gidansa bai tsira ba. Matasan Landan da yawa "fink" suke cewa, a Ayilan za ka ji abin da ya fi kusa da "tink", a Jamaika "ting" da "dem" ne, a wasu unguwannin New York ma "dis" da "dat" ne.

Wanda bakinsa bai saba da sautin ba yana da mafita biyu. Ko dai ya bar iskar tana zirarewa ya ja harshensa baya kaɗan, sai "s" ta fito. Ko kuma ya bar harshen a gaba ya datse iskar, sai "t" ta fito. Nisan ɗaya ne ta kowane ɓangare. Saboda haka babu wanda ya fi wani kusa da daidai tsakanin yaron mota da ɗalibar nan. Abin binciken shi ne abin da ya sa kowannensu ya bi hanyar da ya bi.

Wanda aka fara zargi

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce harshen uwa. Kuma ba a raina ta, don tana warware wasu matsalolin sarai. Abin da ya sa Bahaushe ke rikita "p" da "f", har fifty ta koma "pipti", shi ne Hausa sauti ɗaya gare ta a wannan gurbi, wanda ake yi da leɓɓa biyu. Haka Bayarabe kan ce "siro" a maimakon zero, don babu "z" a Yarbanci.

To, ko wannan rashin "z" ɗin ne ya tura mutanen kudu ga "dis" da "dat"? Biri ya yi kama da mutum, amma a duba da kyau. Yarbanci yana da "s", duk da haka Bayarabe "tink" yake cewa ba "sink" ba. Harshen Ibo kuwa yana da "s" da "z" duka biyu, sunan Azikiwe kaɗai ya isa shaida, amma ɗan kasuwar Anaca da ke Sabon Gari "dis" yake cewa. Hausa kuma, ban da "t" da "d", har da "ɗ" gare ta ta ƙari, amma ta bar su duka. Kayan aikin da ke bakin Bahaushe da na Ibo iri ɗaya ne a wannan fage, zaɓinsu ya saɓa. Ke nan ba a nan gizo ke saƙar ba.

Shaidar da ke cikin Hausa kanta

Alama ta farko mai ƙarfi tana bakin ɗalibin Samaru. Tsaya kusa da shi yana waya. "Ina lakca siyata yanzu, Yaya," in ji shi, "in mun fito zan wuce asibitin Shika, yau za a shiga da Baba tiyata." Kalma ɗaya ce ta Turanci, theatre, ya faɗe ta sau biyu cikin numfashi guda. Ɗakin lacca ya samu "s", ɗakin fiɗa ya samu "t", kuma shi bai ma ji ya yi wani abu ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Limamin cocin Katolika "Fada" Bahaushe ke kiransa, daga Father, alhali in zai ambaci mahaifinsa da Turanci "faza" zai ce. Ita ma kalmar Katolika da "t" ta shigo. Ashe bakin Bahaushe ba ya ƙin "t" da "d" a gurbin "th". Akwai kalmomin da ya karɓa da su ba musu. Wannan ya sauya tambayar gaba ɗaya. Ba batun abin da baki zai iya ba ne, batun hanyar da kalma ta biyo ne kafin ta iso bakin. Tiyata da Fada sun biyo wata hanya, "siyata" da "faza" sun biyo wata. Hanyoyin nan biyu kuwa a Zariya suka haɗu.

Hanyar dogo

A 1911 layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano, a 1912 aka haɗe shi da na Legas. Daga Zariya kuma aka ja wani siririn layi zuwa ƙasar kuza ta Jos, wanda ya yi aiki har 1957. Jirgin ƙasa ya zo da mutanensa: akawuna, makanikai, masu buga waya, kafintoci, ma'aikatan asibiti, da wakilan kamfanonin sayen auduga da gyaɗa. Daga Legas suke, da Anaca, da Kalaba, wasu daga Saliyo da ƙasar da ake kira Gana yanzu. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta so su zauna cikin ganuwa ba, sai aka yanka musu wuri kusa da tasha. Asalin Sabon Gari ke nan. Unguwar PZ ma sunan ɗaya daga kamfanonin wancan zamani ta gada.

Turancin da suka sauka da shi ya riga ya tsufa a bakin teku. Tun ƙarnonin cinikin jiragen ruwa aka samu buroka, har wani attajirin Kalaba, Antera Duke, ya rubuta littafin abubuwan da ke faruwa da shi da irin wannan Turanci tsakanin 1785 da 1788. A buroka kuwa "dis", "dat" da "ting" ne ƙa'ida. Da makarantun mishan suka zo, daga Badagiri a 1842 zuwa makarantar sakandaren CMS ta Legas a 1859, da yawa daga malamansu 'yantattun bayi ne da suka dawo daga Saliyo. Mishan ɗin Kalaba na 1846 daga Jamaika ya taso, har da baƙaƙen fatar can a cikin ayarin. A ƙasar Ibo kuma, limaman Katolika 'yan Ayilan irin su Joseph Shanahan ne suka baza makarantu. A lura da jerin: buroka, Saliyo, Jamaika, Ayilan. Duk inda yaron kudu ya juya, "t" da "d" yake ji, daga kasuwa har aji.

Bahaushen da ya yi hulɗa da mutanen Sabon Gari a farkon ƙarnin jiya ba Turanci ya je koyo ba. Leburan tasha ne, ko ɗan dako, ko mai kawo gyaɗa sikeli, ko majinyaci. Da kunne ya tsinci kalmomin, yadda ya ji su: reluwe, tasha, tikiti, direba, fasinja. Tiyata na cikinsu. Bai taɓa ganin yadda ake rubuta ta ba, bai kuma taɓa jin "th" a cikinta ba, don wanda ya faɗa masa ya riga ya mai da ita "t". Rabin matsalar ya warware ke nan.

Hanyar aji

Rabi na biyu ya fi wuya. A Arewa Turanci bai bazu ta kasuwa ba, ta aji ya shigo, kuma a hankali. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma da Hausa ake fara karatu, sai yaro ya yi nisa ake kawo masa Turanci. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ɗalibai ƙalilan take ɗauka, malamanta Turawan Ingila ne, kuma sun shahara da matsa wa yara kan lafazi. Sakamakon ya bayyana a bakin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turancinsa ya ja hankalin Turawa kansu. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta ƙaura zuwa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Samaru kuma, wadda tashar binciken aikin gona ce tun shekarun 1920, ta zama mazaunin jami'a ranar 4 ga Oktoba, 1962, kuma a shekarunta na farko malamai daga ƙasashen waje sun yi yawa a cikinta.

Yaron da ke gaban irin wannan malami ya ji sautin na asali, ba ta bakin wani ba. In ya ce "tink", nan take za a tsayar da shi a ce kada ya datse iskar, ya bar ta ta fita. Haziƙan da suka daɗe a hannun Bature sun kama sautin sosai. Waɗanda ba su kai ba sun riƙe abin da aka fi nanata musu, wato zirarar iska, suka saki wurin ajiye harshe, sai suka sauka kan "s" da "z". Su ne kuma suka fita suka zama malaman elementare da midil a larduna, suka koyar da abin da ke bakinsu.

Akwai misali daga waje da ya yi daidai da wannan. Bafaranshen Faransa, wanda yawanci a aji yake haɗuwa da Turanci, "sink" da "ze" yake cewa. Mai jin Faransanci na Kebek a Kanada, wanda ya tashi yana cuɗanya da masu Turanci a titi da masana'anta, "tink" da "de" yake cewa. Harshen uwa ɗaya, zaɓi biyu.

Sai dai har yanzu da sauran rina a kaba. Turawan da suka koyar a Arewa ba su da yawa, ɗalibansu ma haka. Ta yaya lafazin 'yan tsiraru ya game ƙasa daga Sakkwato har Bauci, ya zauna lafiya a bakin wanda bai taɓa ganin Bature ba, ba tare da ya yi masa baƙunta ba? Dole akwai gurbin da "s" da "z" suka tarar an riga an share musu.

Salisu da Talatu

Gurbin yana cikin sunayenmu. Turanci ba shi ne harshe na farko da ya kawo wa Bahaushe waɗannan sautuka ba. Larabci ya riga shi da ɗaruruwan shekaru, da harufan ث da ذ, waɗanda su ne sautin think da na this ba ragi ba ƙari. To, yaya Hausa ta yi da su?

A ɗauki gidan da aka jera 'ya'ya maza da sunan Muhammadu. Na biyu Sani, na uku Salisu, na takwas Saminu. Duka ukun da ث suka fara a Larabci, duka ukun da "s" suka fara a Hausa. Haka Usman, da misali, da hadisi, da wasiƙa, da sulusi da sumuni na rabon gado. Ta ɓangaren ذ kuma ga zikiri, izini, zunubi, azaba, uzuri da Mu'azu. Gaskiya ne a ajami an ari harafin ث ana rubuta sautin "c" da shi, amma a kalmomin da suka fito daga zauren karatu suka shiga bakin jama'a, "s" ce ta yi rinjaye.

Mai kaifin kunne zai ce, to Talata fa? Ai ita ma da ث ta fara. Talatin fa, da tamanin, da Litinin? Ladan fa, wanda tushensa ke da ذ amma ya fito da "d"? Wannan ƙorafi shi ne mabuɗin, ba cikas ba. Salisu, sulusi, Talata da talatin duk tushe ɗaya ne a Larabci, wato uku. Saminu, sumuni da tamanin tushensu ɗaya, takwas. Sani da Litinin tushensu ɗaya, biyu. Salisu da ƙanwarsa Talatu suna ɗaya suke amsawa, ta baki biyu.

Joseph Greenberg, Ba'amurken masanin harsuna da ya yi bincike a ƙasar Kano gab da Yaƙin Duniya na Biyu, ya nuna a wata maƙala ta 1947 cewa kalmomin Larabci sun shigo Hausa ne a zango biyu. Na farko daga Larabcin baka, irin na fatake da matafiya, wanda ya riga ya mai da ث "t" tun kafin ya iso, kuma sau da yawa yakan zo da "al" ɗinsa manne, kamar a Litinin da ladan. Na biyu daga littafi, ta hannun malamai. Ranakun mako da ƙidayar ciniki sun biyo ayari, sai suka zo da "t". Sunayen yanka da kason gado sun fito daga littattafan fiƙihu, sai suka zo da "s".

Wannan shi ne labarin tiyata da "siyata", an riga an yi shi sau ɗaya da Larabci. Abin da kunne ya tsinta a kasuwa yakan zo da "t" da "d", don mai kawowa ya riga ya sauya shi a hanya. Abin da malami ya karantar daga takarda yakan zauna a "s" da "z". Yaran Musulmi da aka kai makarantar boko a Arewa kusan dukansu sun fara riƙe allo. Da Bature ya sa harshe a haƙori ya hura iska, ba baƙon sauti suka ji ba, harafin Usman suka ji, kuma sun san yadda ake yi da shi a gida. Rubutu ma ya ƙara ɗaure abin. Yaro ya buɗe littafin tarihi na Turanci ya ga an rubuta Uthman dan Fodio, ya san Shehu Usmanu ake nufi. Daga nan ba ya bukatar kowa ya faɗa masa yadda ake karanta "th".

A gwada a gani

Bayani ba ya tabbata sai an kai shi inda zai iya karyewa. In wannan daidai ne, akwai abubuwa uku da ya kamata a tarar.

Na farko, wata al'ummar da ta raba ث gida biyu kamar Hausa ya kamata ta yi wa Turanci abin da Bahaushe ya yi masa. Misira ce shaida. Mutumin Alƙahira "talata" yake ce wa uku, amma kalmomin ilimi da "s" yake faɗarsu, kamar "masalan" da "sawra". In ya juya Turanci kuwa, "sank yu" da "zis" ne, duk wanda ya yi karatu a Azhar ko ya je asibiti a can ya ji da kunnensa. Larabawan Iraƙi da na yankin Gulf, waɗanda ث ba ta ɓace a maganarsu ta yau da kullum ba, ba su da wannan matsala da think.

Na biyu, Bahaushen da ya koyi Turanci da kunne ya kamata ya bi mutanen kudu. Haka abin yake. Saurari ɗan canji ko mai sayar da shanu da ya daɗe a Agege, ko tsohon soja da ya tashi a bariki, ko yaron shago a kasuwar Sabon Gari da ke ciniki da buroka. "Dis wan na tati naira," zai ce, ba "zis" a ciki. Hausarsa ba ta canza ba, hanyar Turancinsa ce daban.

Na uku, in malamai suka canza, lafazi ya kamata ya canza. An kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, aka fara ilimin firamare kyauta na bai ɗaya a 1976. Azuzuwan Arewa suka cika da yara, kuma da yawa daga masu koyar da su Turanci matasa ne daga kudu, da malamai daga Gana. Bayan haka makarantun kuɗi suka yawaita a Sabon Gari da Samaru, ga finafinan Legas da waƙoƙinsu a kowace waya. Shi ya sa a gida ɗaya a Zariya za ka ji kaka, tsohon ɗan midil, yana cewa "zis", jikarsa 'yar makarantar kuɗi tana cewa "dis". Jibril ma ya lura tun a wancan lokaci da wani nau'in Turancin Hausawa da na kudu ya fara rina shi.

Gwaji uku, amsa ɗaya. Ba nakasar baki ba ce ta raba "sank yu" da "tank yu", ba kuma ƙarancin ilimi ba. Tarihi ne: ɗaya ya biyo teku da layin dogo ya sauka a Sabon Gari, ɗaya ya biyo allo da aji ya taru a Samaru.

Abin yi

Sanin dalili bai ɗauke wa ɗalibi jarrabawa ba. Hukumar WAEC tana da takarda kan sautukan Turanci, kuma a can thin, tin da sin kalmomi uku ne daban. Likita, matuƙin jirgin sama da mai karanta labarai ma suna bukatar a ji su ba tare da an ce su maimaita ba. Akwai kuma tarko ga mai zaƙewa: Thomas, Thames, Thailand da Esther duk da "t" zalla Turawa ke faɗarsu, don haka a nan mutumin Sabon Gari ne ke kan daidai, mai cewa "Somas" da mai cije harshe duk sun kauce.

Kirana ga malaman Turanci na Zariya shi ne su daina koyar da sautin nan kamar daga sama ya faɗo. Yawancin yaran Musulmi da ke ajinsu suna zuwa Islamiyya da yamma, inda malamin tajwidi ya riga ya koya musu fitar da ث da ذ daga mafitarsu. A gaya wa yaro cewa sautin farko na think shi ne ث, na this kuma ذ, za a ga aikin wata guda ya ƙare cikin darasi ɗaya. Wanda bai yi Islamiyya ba, ɗan'uwansa na kusa da shi a benci zai nuna masa inda ake ajiye harshe. Ranar gwaji kuwa, wakilin aji ya rubuta ta a allo da kwanan wata. Mai dariyar "zis" da mai dariyar "dis" kuma su sani cewa nisan kowannensu da lafazin Bature ɗaya ne, babu wanda ya isa ya yi wa wani gori.